Yadda ake shirya tafiyar kwana 4 zuwa Yankari: kallon namun daji, tattaki da wuraren tarihi

Yawancin mutanen da za ka ji suna cewa wai babu komai a Yankari sai birai, in ka bincika za ka tarar ƙarfe 12 na rana suka shiga, suka yi wanka a Wikki, wato maɓulɓular ruwan ɗumin da ke cikin dajin, suka hau mota aka zaga da su ana tsakiyar zafi, kafin la'asar sun kamo hanyar gida. To ina za ka ga giwa a haka? Dabbar daji tana da lokacinta kuma ba za ta canja shi saboda kai ba, ko dai ka bi nata lokacin ko ka koma gida da hoton gwaggon biri kaɗai. Dajin nan da ke jihar Bauchi faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, tun 1956 aka killace shi aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma bayan dabbobin akwai kogunan dutse da tsoffin rijiyoyi da wuraren narkar da tama da mutanen zamanin baya suka bari a ciki, waɗanda mai wuni ɗaya ko labarinsu ba ya ji. Shi ya sa nake cewa a ware kwana 4, ga kuma yadda za a tsara su.

Abu na farko shi ne zaɓen wata. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin, kuma in dabbobi ne a gabanka to Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, dalili kuwa ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ganye ya zube, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji ta sha ruwa, kai kuma can ake kai ka. Sai dai fa Maris da Afrilu zafin ba na wasa ba ne, in da tsofaffi ko ƙananan yara a tafiyar gara Janairu ko farkon Fabrairu. Da damina dajin ya fi kyau a ido, kore shar, amma ciyawa ta fi tsayin mutum, hanyoyin ciki sun jiƙe, dabbobi sun watsu don ruwa ko'ina akwai. Sannan ka kauce wa ranakun sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara in dai ba hayaniya kake so ba, a ranakun nan sansanin Wikki inda baƙi ke kwana cika yake maƙil, ɗaki ma sai mai rabo. Litinin zuwa Alhamis ya fi daɗi.

Na biyu, kafin ka saka ko takalmi ɗaya a jaka, ka kira ofishin gandun ka kama ɗaki, kuma ka tambayi abu uku: kuɗin shiga da na ɗaki da na motar fita daji a yanzu nawa ne, waɗanne wuraren tarihi ne hanyarsu take biyuwa a wannan watan, sannan yaya lafiyar hanya. Wannan na ƙarshen kar ka ji kunyar tambaya, yankin Alkaleri, ƙaramar hukumar da dajin yake, akan samu lokacin da ake jin labarin 'yan bindiga a wasu ƙauyukan gefen dajin, to ka ji daga bakin ma'aikatan da kuma wani naka da ke zaune a Bauchi, a satin da za ka tafi, ba labarin bara ba. Kuma duk yadda aka ce maka lafiya lau, tafiyar dare babu ita a cikin shirin nan. Ka faɗa musu tun a waya cewa kana son tattaki da ƙafa da zuwa kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey, don waɗannan sai an ware maka ma'aikaci da mota, in ka bari sai ka isa za a iya ce maka yau babu wanda zai raka ka.

Batun abokan tafiya, mutum 4 zuwa 6 ya fi. Motar fita daji in kun raba kuɗin ba ta da nauyi, kuma ba ku yi yawan da surutu zai kori dabba ba. Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙe kuɗin tafiya kowa ya zuba nashi tun daga gida, yana rage ƙananan maganganu a hanya.

Kaya kuma kar a cika. Riga da wando masu dogon hannu launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka ko kore mai duhu, ka bar baƙi da shuɗi a gida saboda tsando, wannan ƙudan yana bin waɗannan launukan biyu kuma cizonsa har ta cikin riga kake ji. Farar shadda ma ba wurinta ba ne, dabba na hango ta daga nesa kuma kafin azahar ta koma ja. Kambas wanda ƙafarka ta saba da shi, ba sabo fil ba, da safa masu kauri, hula mai baki ko malafa, rigar sanyi in lokacin hunturu ne don da asuba a buɗaɗɗiyar mota sanyin har ƙashi, man shafawa na korar sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro, gishirin ORS, filasta, tocila, fawa bank don wuta ba kullum ba, da madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne ku dinga karɓa-karɓa. Tsabar kuɗi a hannu, kar ka dogara da taransifa don sabis yakan ɗauke. Ruwan sha katan-katan, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da suga, burodi, kilishi in da hali. Akwai gidan abinci a sansanin amma mai fita tun asuba yana buƙatar nashi guzurin. Da darduma da buta, kuma ku tuna ku matafiya ne akwai sauƙin ƙasaru.

Rana ta 1 ta hanya ce da tarihi. In daga Kano kake ko Katsina ko Jigawa, ko 'yan uwa da ke gangarowa daga Damagaram da Maraɗi, hanyar Birnin Kudu da Ningi za ka biyo, kuma wannan hanyar tana da garaɓasa biyu kafin ka shiga Bauchi. Ta farko Kafin Madaki, inda Gidan Madaki yake, ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi wajen 1860, shi ne dai maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Ka shiga ka ɗaga kai ka kalli yadda aka ɗaure bakan gizon rufin da azara da ƙasa zalla babu siminti babu rodi, ya fi shekara 150 yana tsaye. Gida ne mai masu shi, a yi sallama a nemi izini kafin a fara ɗaukar hoto. Ta biyu gandun Sumu da ke nan ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda aka zuba masa dabbobin da aka kawo daga Namibiya, kuma nan ne za ka ga raƙumin dawa da jakin dawa, don a Yankari kar ma ka sa rai da su. In da yara a motar wannan tsayawar kaɗai ta biya su. Masu zuwa daga Jos ko Abuja ta Toro za su shigo, su sai su bar Sumu zuwa ranar komawa in lokaci ya ba su. Akwai filin jirgi ma a Bauchi ga mai hali. A kwana a cikin gari, da daddare a nemi masa da miyar taushe, zuwa Bauchi ba a ci masa ba ai tafiyar ba ta cika ba.

Rana ta 2 da safe a fara da kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Najeriya na farko da aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Ginin kansa abin kallo ne, ta wani lungu mai duhu ake shiga ana hawa a hankali har a fito fili inda kabarin yake sama a buɗe, sannan akwai ɗakin da aka ajiye kayansa. A yi masa addu'a a wuce. Daga nan fadar Sarkin Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19 bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ka gaida dogarai ka faɗi abin da ya kawo ka, in an ba da dama a zaga da ku in ba a bayar ba ku kalli ƙofar fada da masallaci ku bi ta Ƙofar Wunti ko Ƙofar Ran ku ga inda ganuwa ta bi. Kar ku wuce ƙarfe 11 a gari. A cika tanki fal a Bauchi, a duba taya da safaya da jak, a ƙarasa sayayya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal.

Daga Bauchi titin Gombe za ka hau har Dindima, nan za ka karya dama ka bi hanyar da ta kai ka ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar take, a nan ake biyan kuɗin shiga a rubuta ku. Abin da mutane ba su sani ba shi ne daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sama da kilomita 40 a cikin daji, to kar ka ce ka iso. Ka tafi a hankali, gilas a ƙasa, rediyo a kashe, mutane da yawa a wannan titin suke fara ganin gadu da gwanki, wani lokacin har giwa ta tsallaka. In ka ga kashin giwa sabo a kan kwalta da rassa a karye a gefe ka ƙara rage gudu.

Da kun isa kun karɓi makulli, dokar farko ta sansanin ita ce gwaggon biri. Wallahi ba wasa nake ba, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake tura ƙofar da ba a sa mata sakata ba, za ka ajiye burodi a kan but ka juya ka ɗauko jaka kafin ka waigo babban namijin yana kan rufi yana yage ledar yana kallonka. A shigar da abinci ɗaki a rufe, taga a rufe, mota a kulle, kar yaro ya fito da biskit a hannu, kuma don Allah kar a ba su abinci da sunan tausayi, masu ba su ɗin ne suka lalata su. Gadu ma suna yawo a tsakanin ɗakuna suna kiwo a durƙushe kan gwiwa, ba ruwansu da kai in ba ka matsa musu ba.

Da yamma wajen ƙarfe 3 da rabi zuwa 4 sai fitar farko. Ba a shiga daji sai da ma'aikacin gandu, ko a motarsu ko a taka in mai tsayi ce kuma sun yarda, ni dai shawarata a hau tasu, a buɗe take kana gani ta ko'ina kuma direban ya san ramukan hanyar. Kafin a tashi ka ja ma'aikacin gefe ku gaisa sosai, ka tambaye shi ranka ya daɗe ina aka ga giwaye jiya, ka nuna masa ba sauri kuke ba. Wannan 'yar hirar tana canja tafiyar gaba ɗaya, don in ya ga masu son hoto ne kawai zagayen da aka saba zai yi da ku ya dawo da ku. A bakin Gaji za ku iya cin karo da gwambaza da mazo da kanki da garken ɓauna da carki a bayansu yana cire musu kaska, kada a kwance a kan yashi baki buɗe, dorina kuma sai dai ka ga kunne da hanci. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, amma a dajin da ya kai wannan faɗin ganinsu rabo ne, shi ya sa ake fita sau 3 ko 4 ba sau ɗaya ba. Zaki akwai amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, in ka ji gurnaninsa da dare ma ka gode Allah. In aka dace da giwa, a kashe murya, kar a miƙe tsaye, kar a kunna filashi, in ta baza kunnuwa ta ɗaga hanci tana kaɗa kai musamman mai ɗa, direba ya san abin yi, naka shi ne ka zauna shiru.

Bayan isha sai Wikki. Ruwa ne mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, zafinsa digiri 31 dare da rana rani da damina, garai-garai kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Wajen bakin dutsen yana da zurfin da zai shanye mutum, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya ta ƙasa inda bai wuce ƙugu ba. Iyali da mata da ke son sakewa su sauka da sassafe ko lokacin da jama'a suka tafi daji, a sa kaya masu rufe jiki, kuma a bar mutum ɗaya a kan kaya saboda mutanen namu na kan bishiya.

Rana ta 3 ita ce zuciyar tafiyar. Ana idar da asuba a sha shayi a hau mota, tun da dare za ka shirya da su cewa fitar farko kake so. Awa biyun farko na safiya sun fi duk sauran wunin, iska da sanyi, dabbobi ba su shige inuwa ba, tsuntsaye kuma ko'ina, an lissafa sama da iri 350 a dajin, burtu yana takawa a ƙasa da jan maƙogwaro, cilakowa, zabin daji garke-garke, fakara, zalɓe, mikiya a saman busasshen reshe. Ku dawo wajen 10 ku karya, da rana ku shiga ɗan gidan tarihin sansanin ku ga haurun giwa da fatu da ƙasusuwa da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace a hannun mafarauta, daga nan za ka gane aikin da masu gadin dajin nan suke yi da ransu a hannu. Sai a yi ƙailula, babu abin da ake nema a waje tsakanin azahar da la'asar.

Da la'asar sakaliya sai kogunan Marshall, kuma nan tattaki yake farawa. Mota za ta kai ku kusa sannan a sauka a taka. Koguna 59 ne da aka fafe a jikin dutse, an sa musu sunan P.J. Marshall wanda ya ba da rahotonsu a 1980, amma shi ganowa kawai ya yi, mutanen da suka fafe su sun riga shi da nisa. Bakin kowane ɗan zagaye ne sai ka durƙusa ka shiga, ciki kuma ya buɗe kamar ɗaki, a wasu akwai zane a bango layi-layi da mai lanƙwasa. Ana cewa mafaka ce da mutane suka yi don ɓuya lokacin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, kuma in ka tsaya a bakin ɗaya ka ga yadda yake kallon kwari alhali daga ƙasa ba a ganinsa sosai, maganar za ta zauna maka. Ka haska tocila kafin ka zura kai, jemagu suna ciki kuma maciji ma yana son irin wurin. Kar a rubuta suna a bango, kar a kankare komai. Kusa da nan akwai dutsen Kariyo in da sauran rana a hau a huta.

Tafiya da ƙafa a dajin da ke da ɓauna da giwa tana da ƙa'ida, kuma ba a jayayya da ma'aikaci a kai. Layi ɗaya ake yi shi yana gaba, ba mai wuce shi ba mai tsayawa a baya ɗaukar hoto, magana ƙasa-ƙasa, waya a sailan, turare mai ƙarfi a bar shi a ɗaki. In ya ɗaga hannu kowa ya tsaya cak. In aka yi kiciɓis da dabba ba a gudu sai in shi ya ce, a ja da baya a hankali zuwa bayan bishiya. Tsohon ɓauna da ke yawo shi kaɗai ya fi garke haɗari, a bakin ruwa kuma kar ka taɓa shiga tsakanin dorina da kogi. Daɗin tattakin shi ne abin da mota take wucewa da kai ba ka gani, sawun giwa da za ka saka ƙafarka biyu a ciki, ɓawon kuka da ta ɓare da haure, ramin dabgi, kashin kura fari fat saboda ƙashin da take ci, ka dinga tambaya, mutanen nan sun san dajin ciki da bai kuma suna jin daɗin wanda ya tambaya. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, a sha tun kafin ƙishi ya kama.

Rana ta 4 a fita da wuri zuwa wuraren da suka fi nisa, gwargwadon abin da suka ce hanya ta yarda. Rijiyoyin Dukkey sun haura 130, an haƙa su kusa da juna kuma ta ƙasa a haɗe suke, dabara ce ta tara ruwa a wurin da rani ke da tsawo, ana kuma danganta wurin da zangon fatake da masu safarar bayi. A kula da inda ake taka ƙafa don ciyawa takan rufe bakin wasu, a riƙe hannun yara. Sai Shau Shau inda tsoffin murahun narkar da tama kusan 60 suke a tsaye, ginin yumɓu, ƙasa kuma duk kashin maƙera ne baƙi mai nauyi da gutsattsarin bututun da ake zuga iska ta ciki. Ka ɗauka ka juya a hannu ka ji nauyinsa ka mayar inda ka gan shi. A ganina wannan wurin ya fi ko'ina sa mutum tunani, don irin wannan yawan murhu yana nufin gawayi mai yawa da ma'aikata da masu saye, wato dajin da yau babu kowa sai dabbobi a da gari ne mai sana'a. In ƙafa ba ta gaji ba a ƙarasa da dutsen Kalban, samansa a shimfiɗe yake kuma daga nan kana hango dajin har inda ido ya tsaya, da koren layin bishiyoyin da ke bin Gaji. Da wuya a haɗa ukun a safiya ɗaya, ku zaɓi biyu ku yi su a natse, wanda kuma yake da hali ya ƙara kwana ɗaya.

Kafin ku fita ku sallami ma'aikacin da direban da ɗan abin goro a hannunsu ban da kuɗin ofis, ku kwashe ledojinku da robobin ruwa ku fito da su, kuma in wani ya tare ku a ƙauyukan hanya da naman daji ko fata ko haure kar ku saya, laifi ne kuma kuɗin nan shi yake mayar da mafarauci cikin dajin. Ku baro Wikki kafin ƙarfe 1, ku tuna akwai kilomita 40 ɗin nan kafin ƙofa sannan Dindima sannan Bauchi, masu Gombe da Jos za su isa gida da rana, masu Kano da Abuja da Nijar kuma su sake kwana a Bauchi su kama hanya da safe.